Masu binciken haya a kamfanonin inshorar Amurka: wa yake duba aikinsu?

Mutumin da ke zaune a jihar Ohio yana iya yankar inshorar rai a kamfanin da ke da rajista a Iowa, ya yi shekara talatin yana zuba kuɗi, da zaton ranar da ta Allah ta kasance za a biya iyalinsa. Hukumar inshorar jiharsa ta ba kamfanin lasisin sayarwa, amma da wuya a ce ta taɓa tura jami'inta ya buɗe littattafan kuɗin kamfanin. Ta dogara ne da rahoton da jihar da kamfanin yake da rajista ta fitar. A jihohi da yawa kuma, in ka duba sunayen da ke shafin ƙarshe na irin wannan rahoto, za ka tarar waɗanda suka yi ainihin aikin ma'aikatan wani kamfani ne mai zaman kansa da hukumar ta ɗauko haya, kuma kamfanin inshorar da aka bincika shi ne ya biya kuɗin aikin. Wannan sarƙaƙiya ce ke riƙe da amanar miliyoyin mutane, amma ko a Amurkar ba kowa ne ya san da ita ba.

Sai an fara sanin dalilin da ya sa al'amarin yake hannun jihohi. A Nijeriya hukuma ɗaya ce, NAICOM, ke kula da kamfanonin inshora. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 14 da ke bin kundin doka ɗaya a ƙarƙashin CIMA, hukumar inshorarsu ta haɗin gwiwa, tun yarjejeniyar Yawunde ta 1992. Amurka ba ta da irin wannan. A 1869 Kotun Ƙoli, a shari'ar wani wakilin inshora mai suna Samuel Paul da jihar Birjiniya, ta ce sayar da inshora ba ya cikin cinikin da gwamnatin tarayya ke da ikon tsarawa. A 1944 kotun ta sauya matsayi, sai majalisar dokoki ta yi sauri a 1945 ta kafa dokar McCarran da Ferguson, wadda ta bar kula da inshora da karɓar harajinta a hannun jihohi. Saboda haka yau akwai hukumomi 56: na jihohi 50, da na babban birnin tarayya, da na yankuna biyar. A jihohi 11 zaɓen kwamishinan inshora, wato shugaban hukumar, ake yi, a sauran naɗa shi ake yi. Suna da ƙungiyar da ta haɗa su tun 1871, wato NAIC, amma ita ba gwamnati ba ce, ba ta kafa doka. Samfurin doka take rubutawa, kowace majalisar jiha ta ɗauka ko ta gyara ko ta yi watsi da shi. Ko ofishin inshora na tarayya da dokar Dodd-Frank ta 2010 ta ƙirƙiro, sa ido da ba da shawara ne aikinsa, ba shi da ikon shiga kamfani ya yi bincike.

Kamfanin da ke sayarwa a jihohi 40 ba zai yiwu a ce hukumomi 40 su yi masa layi kowacce da masu bincikenta ba. Dole wata ta yi, sauran su yarda. Yardar nan ta samu babban rauni a shekarun 1980, lokacin da kamfanoni irin su Transit Casualty da Mission da Integrity suka durƙushe suka bar basussuka masu yawa. A 1990 kwamitin ɗan majalisa John Dingell ya fitar da rahoto mai zafi da ya ce jihohi sun gaza, aka fara maganar tarayya ta karɓe aikin. A 1991 Executive Life ta Kalifoniya da Mutual Benefit ta New Jersey su ma suka durƙushe. Amsar da kwamishinoni suka bayar ita ce shirin tantance hukumomin jihohi, wanda ya fara aiki a 1990: duk shekara biyar wata tawaga ta waje tana zuwa ta duba dokokin jiha, da ma'aikatanta, da yadda take gudanar da bincike. An kuma sa wa shirin haƙori a cikin samfurin dokar bincike: daga farkon 1994, jiha ba za ta karɓi rahoton wata jiha a madadin nata binciken ba sai in waccan hukumar tana da shaidar tantancewa, ko kuma masu bincike daga hukumar da ke da shaidar sun shiga aikin. Niyok kanta an dakatar da shaidarta a 1993, ba ta sake samu ba sai 2009. Yanzu duk jihohi 50 suna da ita. Rasa ta yana nufin kamfanonin jiharka su fuskanci bincike daga ko'ina, wasu ma su kwashe rajistarsu su koma wata jiha, don haka babu kwamishinan da ke wasa da ita.

Dokar ta ce a binciki kowane kamfani aƙalla sau ɗaya a shekara biyar, kuma ƙa'idar tantancewa tana so rahoton ya fito cikin wata 18 daga ranar da aka rufe lissafin da ake dubawa. Kamfanonin inshora a ƙasar sun kusa 6,000, ma'aikatan hukumomin jihohi gaba ɗaya kuma kimanin 11,000 ne, ciki har da lauyoyi da masu ba da lasisi da masu karɓar ƙorafi. Masu bincike kaɗan ne daga cikinsu. Albashin gwamnatin jiha ba ya iya riƙe ƙwararren akanta ko masanin lissafin haɗari, wanda kamfanin inshora zai ninka masa albashi gobe. Abin da ya fi ba ni takaici a nan shi ne, ba kuɗin ne babu ba. Jihohi suna tara biliyoyin daloli duk shekara daga harajin kuɗin inshora, amma abin da ke komawa hukumomin da ke kula da harkar bai kai kashi 10 cikin 100 ba, sauran yana tafiya babban asusun jiha. Majalisu sukan kuma ƙayyade yawan ma'aikatan da hukuma za ta ɗauka. Ɗan kwangila kuwa ba ya cikin wannan ƙidaya, kuma kuɗinsa ba daga kasafin jiha yake fita ba. Samfurin dokar ya ba kwamishina izinin ɗauko lauyoyi da akantoci da masana lissafin haɗari da sauran ƙwararru a matsayin masu bincike, ya kuma ɗora kuɗinsu a wuyan kamfanin da ake bincika. Ga kwamishinan da majalisa ta matse, wannan ƙofa ce a buɗe. Haka aka samu kamfanonin da wannan ce sana'arsu, irin su INS da RRC da Noble, da wasu manyan kamfanonin akanta da suka buɗe sashe don aikin.

Akwai wani dalilin kuma da ya fi ƙarancin albashi nauyi. Kamfanonin sun sauya kama. Babban kamfanin fanshon inshora irin Athene yana hannun Apollo, gidan zuba jari, kuma da yawa daga irin waɗannan kamfanoni suna tura wani ɓangare na alkawuransu zuwa rassansu a tsibirin Bamuda, suna zuba kuɗin jama'a a bashin da ba a sayar da shi a kasuwar fili, wanda ƙiyasta darajarsa sai gwani. Ƙaramar hukuma ba za ta ajiye irin wannan gwani a kan albashi tana jiran aikin da ke zuwa sau ɗaya a shekara biyar ba. Don haka ni ban ga laifin ɗauko ɗan kwangila ba. Wanda ya ce a kore su duka, bai faɗi wanda zai yi aikin ba.

Mu duba yadda aikin yake a kusa. Kwamishina yana fitar da takardar naɗi mai ɗauke da sunan jagoran bincike, kuma wannan takarda ita ce ke ba mutumin da ba ma'aikacin gwamnati ba ikon cewa a kawo masa kowace takarda, ya kuma tambayi kowane jami'i, har a ƙarƙashin rantsuwa. Tun 2010 salon ya koma bin inda haɗari yake. Da can a zauna a yi ta daidaita alƙaluman bara ne. Yanzu sai an zauna da shugaban kamfani da babban jami'in kuɗi da wasu 'yan hukumar gudanarwa an tambaye su abin da ke hana su barci, a karanta bayanan tarurrukansu, a duba aikin mai binciken kuɗi na waje a ga ko za a iya dogara da shi, sannan a zaɓi wuraren da za a tona. Masanin lissafin haɗari yana sake lissafa kuɗin da aka ware don biyan diyya nan gaba, ya ga ko sun isa. Wani yana rubuta wa bankin da ke ajiye takardun jarin kamfanin kai tsaye, ya ce a tabbatar masa suna nan. Bayan an gama, jagoran yana da kwana 60 ya miƙa rahoto a kan rantsuwa, kamfani yana da kwana 30 ya mayar da martani, sannan kwamishina ya amince da rahoton, ko ya mayar da shi a ƙara aiki, ko ya kira zaman sauraro.

Duk inda aka ce "a zaɓi wuraren da za a tona", hukunci ne ake yankewa. Wanda ya yanke cewa tsarin kula da jarin kamfani mai ƙarfi ne, don haka ba sai an zurfafa ba, ya riga ya yanke abin da rahoton zai gani da abin da ba zai gani ba. Jihohi 49 da za su karɓi rahoton ba su ga wannan shawara ba. Rahoton da ake wallafawa gajere ne, yawancinsa tarihin kamfani da jadawalin alƙaluma. Takardun aikin, inda ainihin hujjojin suke, doka ta sa su sirri, ba a ba da su ko da an nema da dokar 'yancin samun bayanai. Akwai hujja mai kyau a kan wannan sirri, domin jita-jitar rauni kaɗai tana iya sa jama'a su yi rububin janye kuɗinsu su kashe kamfanin da zai iya farfaɗowa. Sai dai sakamakonsa shi ne babu wani daga waje, ɗan jarida ko malamin jami'a ko ɗan majalisa, da zai iya auna ingancin aikin ɗan kwangila. Mutum ɗaya ne ke gani, wato jami'in hukumar da aka ɗora wa kula da aikin.

Ƙa'idojin NAIC sun san da wannan. Suna so jagoran binciken kamfanin da ke aiki a jihohi da yawa ya kasance mai shaidar ƙwarewa ta CFE, wadda ƙungiyar masu binciken kuɗi ta SOFE, da aka kafa a 1973, ke bayarwa bayan jarrabawa, ko kuma ya kasance a ƙarƙashin mai ita. Suna kuma so in 'yan kwangila ne ke aikin, a samu ma'aikacin hukuma da zai amince da tsarin binciken tun farko, ya riƙa karɓar rahoton ci gaba, ya duba sakamakon kafin a sa hannu. A takarda abin ya yi. Amma hukumar da ta ɗauko ɗan kwangila saboda ba ta da gwanin wani fanni, da wane gwanin za ta duba aikinsa a wannan fannin? Kamar mai gida ne da ya ba magini kwangila alhali bai san yawan simintin da bulo ke buƙata ba: zai iya ƙirga buhunan da aka sayo, ya ga an gama a ranar da aka ce, amma ingancin ginin sai damina ta zo. Jami'i ɗaya da ke kula da bincike da yawa lokaci guda zai iya tabbatar da cewa an cike kowane gurbi a manhajar aikin. Tabbatar da cewa an yi tambayar da ta dace wani abu ne daban, kuma yana buƙatar mutumin da shi kansa ya taɓa yin aikin shekara da shekaru. Irin wannan mutumin ne kuwa hukuma ke rasawa in ta daɗe tana ba da aikinta haya, domin ƙananan ma'aikata ba su samun filin koyo, manyan kuma in sun yi ritaya sukan koma kamfanonin kwangilar.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne kamfanonin inshora suka fi kuka da shi, kuma kukan nasu ba duka ne na son rai ba. Ana biyan ɗan kwangila ne bisa awoyin da ya yi, da kuɗin tafiya da masauki. Wanda ya ɗauke shi ba shi ke biya ba, wanda ke biya kuma ba shi da bakin cewa ya isa, domin kamfanin da ya yi gardama a kan takardar kuɗin mai bincikensa yana tsoron a ce yana ɓoye wani abu. A irin wannan tsari wankin hula yana iya kai mutum dare ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Kuɗin kuma a ƙarshe yana komawa kan masu zuba inshora. A ɗaya gefen akwai matsin da ba a cika faɗa ba: ɗan kwangila yana son a sake kiransa. Kwamishina yana son rahoto ya fito kafin wata 18, ba ya son rigima da babban kamfanin da ke ɗaukar dubban 'yan jiharsa aiki. Mai binciken da ya tsaya kai da fata sai an ƙara wata uku don tona wani abu da bai kwanta masa ba, ya san ba shi da kariyar da ma'aikacin gwamnati ke da ita. Ba sai an kore shi ba, a daina kiransa kawai.

Irin matsin da masu kula da kamfani ke fuskanta ya fito fili a Karolina ta Arewa. Greg Lindberg, mai kamfanonin inshora da dama, ya karkatar da kuɗin masu inshora masu yawa zuwa wasu kamfanoninsa. Da wata babbar jami'ar hukumar ta matsa, sai ya yi wa kwamishina Mike Causey tayin gudummawar yaƙin neman zaɓe har dala miliyan biyu don a cire ta daga kan kamfanoninsa. Causey ya haɗa kai da hukumar FBI, aka naɗi maganganun. An samu Lindberg da laifi a 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2022, aka sake samunsa da laifi a 2024, kuma a ƙarshen shekarar ya amsa laifin zambar da ta kai kimanin dala biliyan biyu. Kamfanoninsa huɗu sun shiga hannun hukuma a 2019, mutane da yawa, galibi tsofaffi, suka yi shekaru ba su iya taɓa kuɗinsu ba. Wannan ma'aikaciyar gwamnati ce, cire ta sai da aka nemi sayen kwamishina. Da ɗan kwangila ne a matsayinta, da sauya shi ba zai bar wata alama da kowa zai lura da ita ba.

Maganar cin karon buƙatu ma tana nan. Samfurin dokar ya hana naɗa wanda ke da alaƙa da shugabannin kamfani ko yake da hannun jari a cikinsa, ya dai yafe wa wanda ke da inshora a kamfanin kamar kowa. An rubuta wannan ne da mutum ɗaya a zuci. Bai amsa tambayar babban kamfanin akanta da wani sashensa ke bincike wa hukuma, wani sashen kuma ke ba kamfanonin inshora shawara ba, ko mai binciken da ya gama duba kamfani a bana ya karɓi aiki a can baɗi. Wasu kamfanonin kwangilar sun zaɓi su yi wa hukumomi kaɗai aiki, wannan abin yabo ne, amma zaɓinsu ne. Kuma a lura, dillalin da ke sayar da inshorar mota sai ya riƙe lasisi a kowace jihar da yake sayarwa, akwai kuma rumbun bayanai na ƙasa da ke nuna in an taɓa hukunta shi. Wanda ke yanke hukunci a kan lafiyar kamfanin biliyoyin daloli kuwa, abin da yake riƙe da shi takardar naɗi ce da shaidar ƙungiyar ƙwararru da yarjejeniyar da ya yi da jiha ɗaya. Dokar ta kuma ba shi kariya daga ƙara muddin ya yi aiki da kyakkyawar niyya.

Duk wannan ɓangaren binciken kuɗi ne, inda ƙa'idojin suka fi ƙarfi. Akwai bincike na biyu, na halayyar kamfani da abokan cinikinsa. A nan mai bincike yana zaɓo fayilolin neman diyya, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta ranar da buƙata ta iso, ranar da aka amsa, ranar da aka biya ko aka ƙi, da ko wasiƙar ƙin ta faɗi dalili kamar yadda dokar jihar ta tanada. Kowace jiha tana da nata wa'adin, don haka a nan babu dole wata ta karɓi aikin wata, kuma babu tantancewa mai tilas irin ta ɓangaren kuɗi. Ofishin binciken gwamnati na majalisar tarayya ya nuna wannan rashin daidaito a rahotonsa na 2003. A 2004 aka fito da samfurin doka da ya nemi kwamishina ya kula da kuɗin bincike da kansa, a ba kamfani ƙiyasi tun farko, a kawo takardar kuɗi dalla-dalla, a kuma samar da hanyar sasanta saɓani. Jihohin da suka ɗauke shi ba su da yawa.

Amma a wannan ɓangaren ne aka ga amfanin haɗa kai. A 2004 Maine da Massachusetts da Tenesi suka jagoranci binciken UnumProvident a madadin sauran jihohi kan yadda yake ƙin biyan masu naƙasa. Aka ci shi tarar dala miliyan 15, aka kuma tilasta masa ba kimanin mutum 200,000 damar a sake duba buƙatunsu. Kalifoniya ba ta gamsu ba, ta yi nata sulhun daban a 2005.

Misalin da ya fi nuna fuska biyu na ɗan kwangila shi ne na kuɗin mamata. Hukumar tsaron zamantakewa ta Amurka tana da rajistar waɗanda suka rasu. An gano cewa manyan kamfanonin inshorar rai suna duba rajistar don su tsayar da fanshon wanda ya mutu, amma ba sa duba ta don neman magadan wanda ya mutu da inshorar rai. In magada ba su san da inshorar ba, sai kamfani ya ci gaba da cire kuɗin zubi daga ajiyar mamacin har ta ƙare, ya rufe fayil. Wani ƙaramin kamfani na Connecticut mai suna Verus, wanda baitulmalin jihohi da dama suka ɗauka, shi ne ya yi aikin haɗa sunayen da ke rajistar da na littattafan kamfanoni. Kwamishinonin Fulorida da Kalifoniya da Illinois da Pennsylvania da New Hampshire da Dakota ta Arewa suka jagoranci nasu binciken na haɗin gwiwa, aka yi zaman sauraro a 2011. John Hancock da Prudential da MetLife da wasu suka sasanta, kuma zuwa 2016 abin da kamfanoni suka amince su biya ya haura dala biliyan bakwai. Shekaru da yawa ana binciken waɗannan kamfanoni ba a kama wannan ba, sai da na waje ya zo da dabarar da hukumomi ba su da ita. Sai dai Verus kaso ake biyansa daga abin da aka ƙwato wa baitulmali, kamfanoni suka ce mai binciken da ke cin riba daga abin da ya samo ba zai yi adalci ba, wasu suka kai ƙara kotu. A ganina iyalan da aka biya sun cancanci kowace dala, kuma duk da haka ƙorafin yana da tushe. Biyan kaso yana iya dacewa da neman dukiyar da ta ɓace wa masu ita, amma wanda ke ɗauke da takardar naɗin kwamishina, mai ikon rantsar da mutum, bai kamata ladarsa ta dogara da girman laifin da ya samo ba.

Gyaran da nake ganin ya fi muhimmanci ba ya buƙatar sabuwar hukumar tarayya. Na farko, jihohi su san abin da junansu suka sani. Zambar Martin Frankel, wanda ya kwashe fiye da dala miliyan 200 daga ƙananan kamfanoni a Misisifi da Tenesi da Arkansas da Oklahoma da Missouri kafin asirinsa ya tonu a 1999, ba labarin 'yan kwangila ba ne, amma darasinsa ya shafe su. An riga an haramta wa mutumin harkar hannun jari tun 1992, hukumomin inshora ba su sani ba, kuma abin da wata jiha ta fara zargi bai isa kunnen maƙwabciyarta a kan lokaci ba. In jiha ta sallami kamfanin kwangila saboda aikin ganganci ko ɓoye wata alaƙa, ya kamata a rubuta a rumbu ɗaya da duk kwamishinoni za su duba kafin su ba shi aiki, kamar yadda ake yi wa dillalai. Kuɗin kuma ya bi ta asusun hukuma, ita ta duba takardar ta biya, a kuma wallafa duk shekara nawa aka biya wane kamfani. Wannan ba ya tona sirrin kowane mai inshora. A sa wa'adi kafin mai bincike ya karɓi aiki a kamfanin da ya duba. Tawagar tantancewa kuma, in ta zo, ta tambayi bincike nawa jami'i ɗaya ke kula da su, ta nemi a nuna mata inda ya taɓa mayar da aikin ɗan kwangila ya ce bai gamsu ba. Duk wannan yana komawa ga majalisun jihohi su saki kuɗin riƙe ƙwararru na dindindin, ko da kaɗan ne.

Akwai wani gibi da waɗannan ba su toshe ba, kuma Fulorida ce ta nuna shi. Tsakanin 2021 da 2023 kamfanonin inshorar gidaje da dama sun karye a jihar, kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi, majalisa ta yi dokokin da suka rage wa jama'a damar kai kamfanoni ƙara, bisa hujjar cewa ƙararraki ne ke cinye su. A Fabrairun 2025 jaridun Tampa Bay Times da Miami Herald suka bayyana wani nazari da hukumar inshorar jihar ta sa wata 'yar kwangila ta yi, wanda ta miƙa tun 2022. Nazarin ya duba shekarun 2017 zuwa 2019, ya nuna cewa yayin da kamfanonin ke bayyana asara, rassan da ke ƙarƙashin masu kamfanonin, waɗanda ake biya kuɗin gudanarwa, suna kwasar riba mai yawa. 'Yan majalisa ba su ga nazarin ba lokacin da suke yin dokokin. Hukumar ta ce daftari ne da ba a kammala ba. Kakakin majalisar wakilan jihar, Daniel Perez, ya sa aka yi zaman sauraro, aka kira tsohon kwamishina da mai ci a lokacin da marubuciyar nazarin suka ba da bayani. A nan 'yar kwangilar ta yi aikinta, sakamakon ne ya tsaya a teburin wanda ya ba da aikin. Dokar da za ta tsara aikin masu binciken haya tana buƙatar sashen da zai ce duk aikin da aka biya aka miƙa, a shigar da shi rajista da kwanan wata, kwamitin majalisa mai kula da inshora ya samu ikon ganinsa ko da a asirce, sauran jihohin da kamfanin ke sayarwa a cikinsu kuma a sanar da su cewa yana nan.